Gadon Lofe

Lofen farko ya fito kamar ludayi. Na biyu kuwa, shi da ya sassaƙa shi ma sai da ya yi ta jujjuya shi yana neman inda ake zuba taba.

Magatakarda, kamar yadda ake kiransa har bayan ya yi ritaya, bai karaya ba. Ai ubansa gwanin sassaƙa lofe ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka yake faɗa wa kansa, ko da yake shi da ɗingishi ya zo duniya.

Matsalar ita ce Yayarsa. Tun rasuwar tsoho shagonsa na sassaƙa yake kulle, ga mai guga yana ta zarya yana nema. Ta ce ko ya nuna mata lofe na kirki kafin ƙarshen wata, ko ta miƙa wa mai guga makulli.

Ba shagon ne kaɗai ke cin sa ba. Tsoho bai taɓa bari ya riƙe wuƙar sassaƙa ba. Kullum sai ya ce, "Je ka yi karatunka," ko kallonsa ba ya yi. Ya girma da yaƙinin cewa ubansa bai ɗauke shi a bakin komai ba, kuma har ya yi furfura abin na masa ciwo.

A ƙasan akwatin kayan aikin tsoho ya ci karo da su, naɗe cikin tsumma mai tsabta: kwalaye da aka yanka a lanƙwashe, gefe ɗaya gajere mai kauri, ɗayan dogo. Tun daga ƙarami kamar ɗan yatsa har wanda ya kai taƙi.

"Ashe tsoho ma da awo yake aiki!" Har da 'yar rawarsa.

Ya ɗora kwali a kan katako, ya bi gefensa da fensir, ya yanka, ya huda, ya goge. Ya yanke a yatsu uku, ya shaƙi garin katako har ya ƙoshi. Kowane lofe sai ya fito da wani ƙullutu a gindi.

Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya gwada ɗaya. "Hayaƙi dai na fita. Amma wallahi kamar na san wannan siffa a wani wuri."

Magatakarda, wanda bai taɓa zuƙar taba ba a rayuwarsa, ya zaunar da shi ya yi masa dogon bayani cewa ƙullutun nan shi ne sirrin tsoho.

Ran da Yaya ta zo, ya jera mata su bisa tebur daga ƙarami zuwa babba, kwalayen a gefe don shaida. Ta dubi lofe, ta dubi kwali. Ta fashe da dariya har ta riƙe ciki. Can dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ta tura masa makullin.

"Riƙe shagon, Auta. Amma Baba da ido yake sassaƙa, bai taɓa awon lofe ba."

"To waɗannan fa?"

"Duk shekara yakan zana ta a kwali kana barci, ya kai wa baduku da kansa, don kada takalmi ya ji maka ciwo. Ƙafarka ta hagu ka yi wata guda kana sassaƙawa."