Cokali Shida na Gishiri

Ɗalibaina a Kusada 'ya'yan manoma ne, makarantarmu kuma ba ta da sikeli. Da gishiri da ƙaramin cokali nake koya musu lissafin mol, ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, a darasin kimiyya.

Ran nan na yi misali da ruwan da ake haɗa wa yaro mai gudawa: lita ɗaya, sukari cokali shida, gishiri rabin cokali, wato giram uku. In an raba da 58.5, nauyin mol ɗaya na gishiri, mol 0.05 ke nan.

Murja, wadda ta daina magana a aji tun rasuwar ƙanenta Ummaru, ta ɗaga hannu.

"Malam, in gishirin ne cokali shida fa?"

Na ji daɗi, na miƙa mata alli. Ta lissafa ba kuskure: mol 0.6, ninki sha biyu na abin da ya kamata.

"Madalla, 'yata! Wannan ai yana iya kashe jariri."

Aji ya tafa mata. Ta ajiye allin a hankali, idonta ba hawaye.

"Haka na haɗa ma Ummaru, Malam."

Ranar Murja ta gane mol, ta kuma gane abin da ya kashe ƙanenta.