Kwalba Mai Jan Murfi

Madarar kwakwa ba ta son gaggawa. Matar ta rage wuta, ta zuba sukari da ɗan gishiri, ta ci gaba da juyawa. Ƙasan tukunya kawai take kallo.

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Duk sun yaba haƙurinta, ita kuwa ta san ba haƙuri ba ne. Tun da aka fita da gawar mijinta ba ta ji komai ba, ko ɗigon hawaye bai zo ba. Shi ya sa ta shiga kicin yau. Wannan aikin ne kaɗai take da tabbacin ta yi masa da hannunta, babu wanda ya taya ta. In ƙamshin bai sa ta kuka ba, to ba ta san abin da zai sa ba.

Mijin nata mai gyaran firiji ne, mutum mai wushirya da ƙarancin magana. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma bai taɓa goranta mata ba. Sun daɗe da aure sannan wata rana ya dawo ya ce madarar shanu ta daina karɓarsa. Ta yi masa tsiya, ta ce ƙato da shi sai yanzu cikinsa ya koyi yanga. Amma washegari ta sayo kwakwa.

Ta koya da ƙyar. Ta gurza har yatsunta suka yi kanta, ta tace, ta ƙona tukunya ba adadi, kafin ta gane sai madarar ta yi kaurin da za ta kama bayan cokali. Ta ware mata cokalinta da tukunyarta, ta hana gwangwanin madara shiga gidan.

Kwalba biyu ce, masu jan murfi. Ya tafi da cikakkiya shago, ya dawo da wadda ta ƙare. A gida ba ya taɓawa, wai ta wurin aiki ce. Da farko ya ce a burodi yake shafawa, a ƙara sukari. Can baya kuma ya ce a rage, yanzu a kofi, wato gahawa mai ƙanƙara, ake zubawa. Ta ce tsufa ya zo masa da iyayi. Ya yi dariya kawai.

Jiya abokin aikinsa ya kawo kayansa a kwali: sukundireba, tabarau, kofin shayi, da gwangwanin madara da aka huda. Ta ɗauka na wani ne ya faɗa ciki. Kwalba ta biyu ce ba ta gani ba, kuma ba ta da ƙarfin tambaya.

Madarar ta yi kauri. Ta sauke, ta bar ta ta huce, ta juye a kwalbar da ta rage. Ta tsaya riƙe da ita, tana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinta. Shiru.

Sai aka yi sallama.

Wata budurwa ce a bakin ƙofa, da jakar makaranta a kafaɗa, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, ya haƙuri?"

"Da godiya. 'Yar wa ce ke?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta buɗe jaka, ta fito da kwalba mai jan murfi, an wanke ta tas, ta miƙa da hannu biyu.

"Na dawo miki da ita ne. Na so in yi miki godiya tun tuni, shi ya hana."

"Godiyar me? Ai ta maigidana ce. Shi ne ba ya shan madarar shanu."

Yarinyar ta ɗago, ta yi ƙoƙarin murmushi, wushiryarta ta bayyana.

"Ni ce take kumbura wa maƙogwaro tun ina ƙarama," in ji ta. "Shi Baba ko kofi ba ya sha."