Jan Fenti

"Madam, katafila ta shigo layinmu!" maƙwabcin shagon mijinta ya faɗa a waya.

Likita ya sha gaya mata cewa tashin hankali ke tayar wa mijin nata da farfaɗiya. Shi ya sa ranar da ma'aikatan rusau suka shafa wa shagonsa na Gwarinpa jan fenti, ta riga shi zuwa, ta rufe da fari, ta roƙi maƙwabta su yi shiru.

Yau ya gani da idonsa.

"Don Allah ku fito da shi daga shagon!" ta ce.

"Ya faɗi a ciki, yana kumfa. Kowa na tsoron yawun ya taɓa shi."

Ta cikin wayar tana jin injin yana matsowa.