Fis ɗin da Tela Ya Ara daga Kayan Amarya

Tunda ka ce ai taɓawa kawai za ka yi ka mayar kafin mai shi ya sani, zauna in ba ka misali da wani tela.

Mutum ne mai hannu, wannan ba a ƙwace masa ba. Keken ɗinkinsa shi yake gyara abinsa, haka fanka da dutsen guga, har abin ya hau masa kai, yana ganin babu wani abu mai noti da zai gagare shi. Yana da ƙanwa mai sana'ar kitso, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Shekara uku tana tara wa babbar kayan ɗaki, yau kula, gobe labule, kuma duk abin da ta saya gidan yayan take kaiwa, don ɗakinta ɗaya ne, ga yoyo, kuma a wurinta ajiyar Yaya ta fi ta banki. Cikin kayan akwai na'urar ɗumama abinci, wadda 'yan zamani ke ce wa maikirowef, sabuwa dal a kwali, irin ta gidan telan sak, don shi ya ba ta shawarar wadda za ta saya. Saura sati biyu biki, sai na'urar gidansa ta mutu. Matarsa ta ce a bar ta, ɗumamen tuwo bai taɓa gagarar tukunya ba. Ina, shi ba ya jin wannan. Ya kwance bayan na'urar, ya tarar fis, wato ɗan abin nan mai ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, ya yi baƙi ƙirin. Shagon kayan wuta da nisa, ga rana ta take, ga kuma kwalin amarya yana kallonsa daga kan sif. Ya sa reza ya yanka salatif a hankali, ya ɓare 'yar takardar nan da kamfani ke mannawa a kan noti, ya zaro fis ɗin sabuwar, da niyyar gwaji kawai. Ya sa a tasa, ya kunna. Ta yi gurnani sau ɗaya, sai fat, shi ma ya ƙone.

Nan ya kamata ya tsaya, don fis ko a teburin mai batir ana samu. Amma mai hannu ba ya son ƙarfe ya ƙaryata shi. Ya yanke cewa taransifoma ce ta lalace, wato dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi da ke ƙara wa wuta ƙarfi. Ya kwanto ta amarya ya ɗaura a tasa, a gurbin fis kuwa ya naɗa silin waya. Ka ga ya cire mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Bai ƙirga goma ba ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Da safe na'ura ɗaya ce matacciya a gidan, kafin la'asar sun zama biyu. Da ya je ya faɗa wa ƙanwar a ranar, kuka za ta yi ta share hawaye, a nemi mafita tare. Kunya ta hana shi. Ya shiga kasuwar 'yan gwangwan ya samo wata tsohuwar taransifoma mai tsatsa, ramukan notinta ba su dace ba, ya ɗaure ta da waya, ya rufe, ya manna sabon salatif, ya mayar da kwali kan sif yana fatan Allah ya rufa asiri.

Ranar jere mata suka jona ta a gaban dangin ango. Ko fitila ba ta kawo ba. Aka yi ta 'yan kallon-kallo, wata gwaggon ango ta ce da ma kayan yanzu sai a hankali, kowa kuma ya san abin da take nufi. Uwar amarya ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Washegari ta rungumi na'urar ta kai shagon da ta saya, ta tara wa mai shago jama'a, tana kiransa macuci mai cin haƙƙin marayu. Mutumin ya karɓe ta. Ya juya na'urar, ya nuna mata takardar da aka ɓare, ya kwance, ga tsatsa, ga ƙullin waya. Sannan ya ce, "Hajiya, tun da ta bar nan, a gidan wa take kwana?" Nan ta gane. Ta ba shi haƙuri a gaban mutanen da ta tara, ta ɗauki kayanta ta fita.

Ta telan kuwa, daga baya aka kai ta wurin mai gyara. Kwandansa ce ta lalace, wani ɗan gwangwani da bai fi tafin hannu ba, ya canza ta kafin shayinsa ya huce. Har yau tana ɗumama tuwo lafiya lau. Ƙanwar ba ta taɓa tayar masa da maganar ba. Tana zuwa gaishe shi da Sallah, tana durƙusawa har ƙasa, tana kiransa Yaya. Sai dai da ta fara tara wa ƙaramar kaya, gidan wata maƙwabciya take kaiwa, wadda ba su haɗa komai ba, kuma ta ƙofar shagonsa ake wucewa da kwalayen yana kan keke yana gani.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.