Fitila ta Huɗu

"Wannan mai arhar zan ɗauka," in ji Auta, ya dangwarar da fitilar caji a gaban mai shago. Ƙugiya kawai gare ta, babu mayen ƙarfe.

Yayansa ya taɓe baki. "Wane makanike ne ke aiki da fitilar da ba ta manne wa mota? Ko da yake gara mai arhar. Uku masu tsada sun yi ƙafa a garejinmu, kuma mu biyu ne ke da makulli."

"Fito fili ka ce ni ɓarawo ne, Yaya."

"To rantse mana."

"Ba zan rantse ba. Shekara goma muna aiki tare. In wannan bai ishe ka ba, rantsuwa ma ba za ta ishe ka ba."

Ya biya, ya yi gaba abinsa.

A gareji suka tarar da direban bas ɗin nan da ba ya yarda kowa ya taɓa motarsa sai Yaya. Wai wani abu na ƙwanƙwasawa a ƙasa. Yaya ya shige ƙarƙashi, duhu ya hana shi gani, dole ya miƙo hannu. Auta ya ɗora masa mai arhar.

Yaya ya haska cikin motar ta ƙasa. Sai ga wata fitila mai mayen ƙarfe ta gangaro waje, butu-butu da laka. Sai ta biyu, sai ta uku. Ashe tun gyare-gyaren baya suke manne a ƙarƙashin bas ɗin, suna yawon gari.

Auta ya durƙusa ya leƙa.

"Ka kama ɓarawon, Yaya? Haska mana fuskarsa mu gani."