Wata Shida Kafin a Buɗe Hanyar Dutse

Malam Isiyaku, na ga ranka ya ɓaci don an ce abin da kake nema sai ka jira. Zauna in ba ka misalin wata mata da mahaifinta.

Ita ma'aikaciyar jinya ce a birni. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana gadin wani gandun daji na gwamnati, can cikin tsaunuka, kafin ya yi ritaya ya dawo hannunta. A tsakiyar gandun akwai wani dutse da ruwa ke zubowa daga kansa, tafiyar yini guda a ƙafa daga inda mota take tsayawa, kuma tsohon ba shi da hira sai tasa. Da likita ya gaya mata hawan jinin ido ya ci ƙarfin idanun mahaifinta, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai ta ƙudura za ta kai shi ya ga dutsen nan tun da sauran gani. Ta nemi hutu, ta sayo masa takalmi mai kauri, ta yi magana da direba. Hutun bai fito ba sai da ruwa ya sauka. Hanyar gandun kuwa jar ƙasa ce, ta ratsa koguna biyu marasa gada, shi ya sa duk shekara da damina ta kama ake gitta ƙarfe a ƙofa, ba shiga sai an yi girbi. Da ta buga waya aka ce mata kwana huɗu ke nan da rufewa. Wata shida za a yi, kuma ta fi kowa sanin abin da wata shida zai yi wa idanun nan. Washegari ta samo labarin wasu masu babur da ke zagaye ƙofar ta cikin jeji, su ƙetare da mutum a kwalekwale. Ta zo da zumuɗinta ta gaya wa tsohon. Ya bari ta gama, sannan ya ce ya san kogunan nan da damina, da hannunsa ya taɓa tsamo gawa biyu daga ciki, kuma ƙarfen da take son zagayewa shi ma ya sha gitta shi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta. Ya ce, "Uwata, gara in rasa dutsen da in rasa ki a hanyarsa." Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta mai da takardar hutu.

Bayan kwana biyu shi da kansa ya ce mata, tun da jira ya kama, su gwada ƙafafunsa, don shekara uku ke nan ba ya wuce masallacin ƙofar gida. Da gari ya waye, kafin ta tafi aiki, suka fita. Ranar farko iyakarsu famfon unguwa, ya zauna kan dakali yana haki kamar wanda ya yi gudu. Da wata ya zagayo suna kewaye filin makaranta sau biyu. Can cikin Agusta suka fara hawan ɗan tudun bayan gari inda ake fasa tsakuwa. In ruwa ya tare su sai su fake a rumfar mai shayi, tsohon ya yi ta ba ta labari: yadda ake bambanta sawun ɓauna da na saniya, inda gwaggon biri ke sauka shan ruwa, da yadda mahaifiyarta, wadda ta rasu ta bar ta tana jaririya, ta taɓa bin sa har rabin dutsen ɗauke da ƙwaryar fura. Shekararta arba'in ba ta taɓa jin wannan ba. Idanun kuwa ba su jira kowa ba. Ya daina gane fuska, daga baya sai ya ɗora hannu a kafaɗarta, ita kuma ta koyi karanta masa ƙasa da baki, nan rami, nan tudu, nan taka a hankali. Da aka girbe dawa aka ɗage ƙarfen. Suka tafi, aka haɗa su da ɗan jagora. Tafiyar yini guda ta zame musu kwana biyu, amma tsohon bai ce a goya shi ba ko sau ɗaya, har ɗan jagoran ya ce ya sha ganin samari sun juya daga rabi. Da suka isa, tsohon bai ga komai ba sai wani fari-fari kamar an shanya zane daga nesa. Feshin ruwan ya taɓa fuskarsa, ya cire hula. Can ya ce ta faɗa masa abin da take gani. Ta faɗa masa. Ya ce ta manta abu ɗaya, ta duba hagu, akwai wani ɓaure da ya tsaga dutse ya fito. Ta duba, ga shi kuwa. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe yana nan. Daga baya takan ce da hanyar a buɗe take tun farko, da ta kai shi da idanu amma ba ƙafafu, da iyakarsa kujerar mota, kuma da ba ta san mahaifinta kamar yadda ta san shi a safiyoyin damina ɗin nan ba.

To, ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.