Karfasan da Suka Daina Ci

Wani masunci ne tsufa ya kama, kafaɗa ta daina ɗaukar jifan ragar birgi, sai ya haƙa ɗan tafki a fadama ya zuba 'ya'yan karfasa, yana ba su dusa. Fatansa su yi girman sayarwa kafin rani ya shanye ruwan, don ba shi da wata gona. Ana nan sai ƙaramin giwan ruwa, kifin nan mai cin kifaye, ya faɗa a komarsa a kogi da ransa. Ya ga yanka shi yanzu asara ce, gara ya ƙara nama zuwa Sallah. Ya sa shi a kwando mai ƙarfi, ya kafa a bakin magudanar da ke kawo ruwa tafkin, don can ya fi sanyi. Kullum yakan kamo karfasa biyu ko uku ya jefa masa. Giwan ruwan bai taɓa fita daga kwandon ba, na cikin tafki kuma ba su taɓa ganinsa ba. Amma suka daina ci. In ya watsa dusa, sai ta yi ta yawo a kan ruwa har ta nutse ta ruɓe, su kuwa sun cure a gindin kainuwa, can nesa da magudana. Ya sauya dusa, ya zargi zafi, ya zargi bakin mutane, har rubutu ya zuba. Daga baya ya daina zargin komai, yakan zauna a bakin tafki kawai yana kallon ruwa.

Wata mai banda da ta saba sayen kifinsa ta zo duba kaya. Ta leƙa tafki, ta leƙa kwando, ta ce, "Baba, naka azumi suke yi ne? Ka ɗaure musu mai cinsu a kan ruwan shansu, kana jiran su yi ƙiba?" Ya ce, "Ai ba sa ganinsa." Ta ce, "Ruwa na kai musu warinsa, da na 'yan'uwansu da ya ci. Kai tuwo zai wuce maka kana jin warin kura a bakin ƙofa?" Ranar ya yanka giwan ruwan. Ba a jima ba kifayen suka fito suna wawar dusa, sai dai tafkin ya riga ya ja baya zuwa gwiwa. Abin da ya kwashe, babbansu bai wuce tsawon yatsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza.